"Wani hani ga Allah baiwa ne": ana faɗa wa wadda ta yi rashi?

Maman Biyu: Jama'a, ku raba mini gardama. Ƙanwata ta rasa ɗanta, ciwon sikila ne ya kashe shi. Zumuntar mata sun yi azumi, dattawan ikilisiya sun zo har gida sun shafa masa mai kamar yadda Yakubu 5:14 ta ce, yaro dai ya tafi. A zaman makoki wata tsohuwa ta dafa ta ta ce, "Yi haƙuri 'yata, wani hani ga Allah baiwa ne." Ta tashi ta shige ɗaki, har yau ba ta gaishe da tsohuwar. Laifin wa?

Tsohon Direba: Tsohuwa ta ajiye magana inda ba wurinta ba. Mu a tasha muke faɗar ta: ka makara, mota ta tashi ba kai, da yamma ka ji ta kife a hanya. Ko an hana ka auren wata, daga baya ka gode. Sai an ga baiwar da ido ake faɗa. Uwar da ta binne ɗa, me za ka nuna mata?

Malamin Makarantar Lahadi: Ban yarda ba, Baba. In sai mun gani, ina bangaskiyar? A 2 Korintiyawa 12 Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce alheri ya ishe shi. Shi da kansa ya ce an bar masa ita don kada ya yi girman kai. Mutumin da aka warkar da mutane ta hannunsa, ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a garin Militas ba lafiya.

'Yar Zumunta: Malam, Bulus ne ya faɗa da bakinsa, a kan jikinsa. Ba mai zuwa gaisuwa ne ya faɗa masa ba. Abokan Ayuba kwana 7 suka zauna da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan. Da suka fara fassara masa ciwonsa ne Allah ya yi fushi da su.

Nas: Ni kam gara wannan karin maganar sau dubu da "bangaskiyarki ce ba ta kai ba". Wannan ita ke kashe mutane. Na ga mai hawan jini ya zubar da ƙwayoyinsa bayan addu'ar dare, wai sha alamar shakka ce, aka kawo mana shi rabin jiki ya shanye. Waɗanda suka buɗe asibitin Vom a 1922 da na Galmi a 1950 masu addu'a ne, ba su ga saɓani ba. Kuma sikila gado ce: mai jinin AS ya auri mai jinin AS, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi SS, wato mai sikila. Ba zunubin uwa ba ne.

Dattijo: A karanta wa ƙanwar Maman Biyu labarin Dauda a 2 Sama'ila 12. Ya yi azumi, ya kwana a ƙasa, rana ta 7 yaro ya mutu, ya tashi ya yi wanka ya yi sujada ya ci abinci.

Maman Biyu: Baba, don Allah a'a. Yaron Dauda ai hukuncin zancen matar Uriya ne. Da ma tana ta tambayata ko wani laifi ta yi.

Malamin Makarantar Lahadi: To a bar na Dauda. Amma fa tsohuwar ba ƙarya ta yi ba, sauri ta yi. Kuma kun san 'ya'ya nawa ita ta binne? Maman Biyu, ki bincika kafin ki bar gabar nan ta yi tsawo.

Maman Biyu: Zan tambayi matar fasto ranar Lahadi.