Famfon sola: mu karɓi shiryayye ko mu zauna a tsara da mu?

Sakataren Lajna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ne sakataren lajnar ruwa, wato kwamitin ruwa, a ƙauyenmu nan Sudan, kudu da Gadarif ta wajen Doka. Rijiyar burtsatse gare mu wadda injin dizal ke ja, mai kuwa kun san inda ya kai tun da yaƙi ya ɓarke a 2023. Wata ƙungiya ta ce za ta sa mana sola, ta ba mu zaɓi biyu. Ko su kawo tsarin da suka saba sawa, tanki ɗaya, famfuna wuri guda, biya da kati, su gama kafin damina ta rufe hanya. Ko kuma mu ba da mutum 12, rabi mata, su zauna da injiniya a tsara komai tare: inda tanki zai tsaya, girmansa, lokacin buɗewa, yadda za a biya, wanda zai riƙe kayan gyara. Wannan na biyun zai kai bayan yankan riɗi, kuma mu za mu buga bulo mu gina ɗakin inji. Dattawa sun fi son na farko. Mata ba a tambaye su ba tukuna. Masu karo, wato masu sayar da ruwa a amalanken jaki, sun fara yi mini kallon banza. Juma'a zan ba da amsa. Wanda ya taɓa shiga irin wannan zama ya faɗa mini, akwai riba ko ɓata lokaci ne?

Mai Gyaran Sola:
Wa alaikumus salam. Shawarata ɗaya, kada ka yarda su sa maka batir. Zafin ƙasar nan yana kashe batir tun bai tsufa ba. Famfo ya ja kai tsaye daga allo, tanki shi ne batirinka.

Ɗan Sinja:
Malam, wa ya yi maganar batir? Amma tunda ka zo, nawa allo mai wat 550 yanzu?

Mai Gyaran Sola:
Na ƙarshe da na saya a kasuwar Gadarif 280.

Ɗan Sinja:
280 a ina? A nan an ce mini miliyan 400 kuma ba ragi.

Baƙo daga Kano:
Miliyan 400 allo ɗaya?! Inna lillahi. Ku zo Sabon Gari ku saya, ko da kuɗin jirgi kun ci riba.

Ɗan Sinja:
Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, dubu 400 nake nufi. Tun da aka sake kuɗi a 2007 bakinmu bai sake ba, jine dubu na kuɗin Sudan har yau miliyan muke ce masa.

Tsohon Ma'aji:
Sakatare, ɗana, ka saurare ni da kyau, don abin da za ka shiga ni na fito daga cikinsa da tabo. Ƙauyenmu yana bakin kogin Rahad. Kafin yaƙi wata ƙungiya ta zo mana da irin wannan magana daidai. Aka shimfiɗa tabarmi, aka dafa shayi, aka ce mu zana taswirar gari a ƙasa da duwatsu da kara. Mata suka nuna tsakiyar gari kusa da makarantar allo suka ce a nan suke so. Aka tafa, aka ɗauki hoto. Ranar da babbar mota ta kawo tanki, can bakin hanya aka sauke shi, wai mota ba za ta iya shiga ba. Ashe tun kafin mu zauna an riga an saya, an auna, an san inda za a sa. Duwatsun da muka jera, na hoto ne kawai.

'Yar Maiurno:
Baba, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Bari in faɗi namu...

Tsohon Ma'aji:
'Yata, ban gama ba. Suka sa famfo mai kati. Ka sa kuɗi a kati, ka kara a jikin famfo, ruwa ya zubo. Mun ce musu tsofaffi ba za su iya ba, yara za su zubar da katin, suka ce za a saba. Aka naɗa ni ma'aji, ni nake ɗura kuɗin da wata na'ura. Da guguwar haɓub ta taso ƙura ta shiga akwatin karatun katin, ya daina aiki. Mai gyara sai daga Khartum. Ana cikin jiransa yaƙi ya tashi, ƙungiya ta kwashe ma'aikatanta, lambar da suka bar mana ta daina shiga. Kuɗin mutane yana cikin kati, ruwa yana cikin tanki, babu hanyar haɗa su. Muka fasa akwatin da guduma muka ɗaura famfo na hannu. To wa aka kama? Ni. Aka ce ma'aji ya cinye kuɗin kati. Mijin ƙanwata har yau in mun haɗu a masallaci sai ya sake sahu. Da ba a kira mu zama ba, da an ce aikin baƙi ne ya lalace. Amma tunda mun sa hannu, sai ya zama namu ne muka kashe.

Ɗan Sinja:
Allah ya saka maka Baba. Amma gudumar nan ita ce fasahar da al'umma suka tsara da kansu.

Tsohon Ma'aji:
Kana dariya ne don ba sunanka aka ɓata ba.

Alhajin Jidda:
Ni ra'ayina a karɓi shiryayye a wuce wurin. Injiniya ya yi shekaru yana karatu, me mai jaki zai koya masa? A nan Saudiyya wa ya taɓa tambayarmu inda za a binne bututu? Ga ruwa kuma yana zuwa. In bulo ne matsala ku faɗi kuɗin, mu da ke nan za mu haɗa.

'Yar Maiurno:
Alhaji, da girmanka, rabonka da ɗaukar jarka a ka tun yaushe? Bari in faɗi abin da mai jaki da matar gida suka koya wa injiniya a ƙauyen kakannina. Shi ya lissafa lita kaza ga kowane mutum, ya manta akwai awaki da shanu, da makiyaya da ke saukowa da rani. Ya kuma lissafa cewa famfo yana ja daga hantsi zuwa la'asar, ya ɗauka lokacin ake ɗiba. Mata suka ce a'a, mu da asuba muke ɗiba da kuma kafin magariba, da rana muna gona ko muna girki. Wannan magana kaɗai ta sa aka sake girman tanki, ya cika da rana a rufe, a buɗe da asuba. Wata tsohuwa ce ta ce kada a binne bututu a sama-sama, don baƙar ƙasa tana tsagewa da rani tana kumbura da damina, sai ta karya shi. Masu karo kuma aka yi musu bututu mai tsawo nasu daban, suna cika ganga da rangwame su kai wa gidajen nesa, rigima ta mutu. Kati kuwa muka ƙi shi ƙememe. Takarda ake yanka duk wata, mace ce ke riƙe da littafi.

Alhajin Jidda:
To ai duk wannan injiniya mai hankali zai gano da kansa.

'Yar Maiurno:
Zai gano bayan an zuba siminti.

Malamin Makaranta:
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wannan gaskiya ne. Amma Sakatare, bambancin labarin Baba da na 'yar'uwarmu abu ɗaya ne: su Baba an kira su bayan an gama sayayya. Kafin Juma'a ka tambayi ƙungiyar me aka riga aka saya, me kuma za a iya sakewa. Ka ce su nuna muku kuɗin aikin a rubuce. Abin da aka yarda a kai injiniya ya sa hannu, ku riƙe kwafi. In sun yi ta kwana-kwana, to zaman hoto ne, gara ku karɓi shiryayye ku huta da buga bulo.

Tsohon Ma'aji:
Mu ma an sa hannu. Takardar tana cikin akwatina, in kana so in aiko maka ka yi laya da ita.

Manomin Jazira:
Ni abin da ke ba ni tsoro da kalmar "ku shiga a yi da ku" shi ne abin da muka gani a mashru'in Jazira, babban aikin noman ban ruwa na gwamnati. Dokar 2005 ta kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, aka ce manoma su kula da ƙananan magudanai da kansu. A baki abu mai daɗi. A ƙasa kuwa an miƙa wa mutane laka da ciyawa ba tare da injin yashewa ko kuɗin haya ba. Bayan wasu shekaru aka gyara dokar aka soke su. Wani lokaci shigar da jama'a hanya ce ta sauke nauyi a kansu. Ka tambaye su, in famfon cikin rijiya ya ƙone bayan shekara biyu, wa zai saya?

Mai Gyaran Sola:
Shi ya sa nake cewa a sa irin wanda ake samun kayansa a Gadarif ko Kassala. Kuma a koya wa yara biyu na gari wanke allo da duba infata. Rabin kiran da ake yi mini ƙura ce kawai a kan gilashi.

Sakataren Lajna:
Na gode ƙwarai. Amma babu wanda ya taɓa maganar lokaci. In mun zaɓi zama, damina guda za mu ƙara a kan dizal, gangar ruwa a karo yanzu 5,000. Kuma lokacin yankan riɗi ko gawa da ƙyar ake samun masu ɗauka, balle zaman shawara.

Ɗan Sinja:
5,000? Ku kuna aljanna. Mu 8,000 ne, ruwan kuma kamar kunu.

Uwar Marayu:
Ƙanena, kai da kanka ka ce mata ba a tambaye su ba, ga shi ka zo kana tambayar mutanen Jidda da Kano. Ka aika matarka ta zaga gidaje gobe. Kuma in za ku zaɓi mata shida, kada su zama matan dattawan lajna, don a gaban mazansu ba za su buɗe baki ba. A yi musu zamansu daban.

Baƙo daga Kano:
Ni dai na yi shiru tun ɗazu, Hajiya.

Alhajin Jidda:
Maganar biya kuma, me ya sa ba za a yi da Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ba? Ba takarda, ba zargin ma'aji. Kowa ya tura, shaida tana waya.

Manomin Jazira:
Alhaji ka manta Fabrairun 2024 da layi ya ɗauke ƙasa baki ɗaya? Mutane da kuɗi a waya suna kwana da yunwa, sai wanda ya sami mai Starlink, intanet na tauraron ɗan adam, ya biya kuɗin sa'a. Ka ce a ɗaura ruwan sha a kan wannan?

Uwar Marayu:
Kuma asusun banki da me za a buɗe? Sai da rakam waɗani, lambar shaidar ɗan ƙasa. Lokacin canjin takardar 500 da 1,000 a Disambar 2024 aka ce kowa ya kai kuɗinsa asusu, tsofaffinmu da yawa sai hannun 'yan kasuwa suka ba, aka yanke musu wani abu. Surukata a nan aka haife ta, uwarta ma a nan, amma da ta je neman lamba, daga jin ƙabila sai aka ce ta kawo shaidun dangin uba. Dangin uban duk suna ƙasa.

'Yar Maiurno:
Garinmu tun bayan yaƙin Burmi na 1903 kakanni suka taso suka kafa shi, ya girmi madatsar Sinnar da aka gama a 1925. Duk da haka ƙanena sai da ya yi ta kai da kawo kafin a ba shi tasa.

Manomin Jazira:
Ku aƙalla kuna da gari. Mu 'yan kambo, sansanonin 'yan ƙwadagon gona, da muka yi auduga tun zamanin Turawa, ko rijiya za mu haƙa sai an ce filin ba namu ba ne. Wace ƙungiya za ta zo ta ce mu zana taswira?

Sakataren Lajna:
'Yan'uwa, Juma'a fa jibi ce.

Tsohon Ma'aji:
Hajiya, surukar taki a wane gari ta nema? Akwai wani jikana da shi ma aka mayar da shi, an ce in umda, wato dagaci, ya rubuto takarda ana karɓa. Ke kin gwada ta wajen umda?