Zanen fentin ruwa ya manne da gilashi, yaya zan raba su?

Salamu alaikum jama'a. Shekara 6 ke nan ina tara zanen fentin ruwa na ƙauyukan masunta na bakin teku, aikin 'yan koyo da masu yi don sha'awa. Yawanci a Samaru nake saye, hannun ɗalibai.

Wanda ya fi kwanta min a rai, na Elmina ta Gana, shi ne ya shiga matsala: kwale-kwale jere a kan yashi, ga taru an shanya. Mai firam ya ɗora gilashi kai tsaye a kan takardar, babu kwali a tsakani, ni kuma, don ganganci, na rataye shi a bangon da ke shan ruwa. Bayan ruwan Agusta takardar ta tattare, ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa sun fito mata, kusurwa ɗaya ta manne da gilashin. Na ɗan ɗaga da reza, shuɗin tekun ya biyo gilashi, na janye hannu. Jiƙawa kuwa ba ta taso ba, fentin narkewa zai yi.

In jira hunturu ko bushewa za ta sa ta saki? Ko akwai wanda ya san mai gyaran irin wannan a sashen zane na ABU? Allah ya saka da alheri.