Tun ambaliyar Alau, Baba bai dawo daidai ba

Ɗiyar Tela:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Mahaifina tela ne a unguwar Gwange da ke Maiduguri. Da madatsar ruwan Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumba 2024, ruwa ya ci shagonsa har da kekunan ɗinki, muka tsinci kanmu a sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da ke cikin garin. Alhamdu lillahi mun koma gida, yayyena sun gyara ɗakuna, abinci ba ya yankewa. Amma Baba ya daina fita majalisa, kuma da ruwan sama ya soma dukan kwano sai ya tashi zaune har asuba. Mun ce ya huta, komai za mu yi masa. Me kuma ya rage?

Tsohon Ɗan Kasuwa:
Wa alaikumus salam, 'yata. Hutun nan da kuka ba shi yana cikin abin da ke cin sa. Ni gobarar Monday Market ta 2023 ta cinye mini kaya, ambaliya ta zo ta ƙarasa saura. 'Ya'yana suka zaunar da ni kamar baƙo a gidana. Wanda ya tashe ni wani abokin kasuwa ne da ya ba ni atamfa bashi, ya ce in sayar in biya. Wallahi bashin nan ya fi mini kyauta daɗi, don har yanzu akwai wanda ya yarda da hannuna. Ku haɗa kuɗin keke ko na hannu ne, amma shi zai je ya zaɓa, ya yi ciniki da bakinsa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Gaskiya Baba ɗan kasuwa ya faɗa, sai dai kada a yi sakaci da rashin barcin. Firgici bayan masifa ba raunin imani ba ne. Idan ya haura wata guda yana hana mutum harkokinsa, a ga likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan Maiduguri, kuma ba sai mai taɓin hankali ke zuwa ba. Kada ku matsa masa ya ba da labarin daren nan, ku bari sai ya so.

Maman 'Yan Biyu:
Ni dai a bi a hankali, keke kaɗai ba zai isa ba. Tunda ya ƙi fita, a roƙi abokansa su dawo da majalisar ƙofar gidanku bayan la'asar. Su ma ruwan ya taɓa su, ba sai ya yi musu bayani ba.

Ɗiyar Tela:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zancen asibiti ba zai karɓa daga bakina ba, sai dai in tura kawunmu. Keken kuma yau zan kira Yaya.