Lasisin dillancin gidaje ga mai aikin albashi a Amurka

Ƙaramin Zaure: Assalamu alaikum. Ina aikin albashi a jihar Texas, kuma ina shirin sayen gidajen haya. Shin ya dace in nemi lasisin dillanci domin la'adar cinikin ta riƙa shigowa aljihuna?

Hajiya Dillaliya: Wa alaikumus salam, ƙanena. A Texas sai ka kammala karatun sa'o'i 180 kafin ka zauna jarrabawa, alhali a Kalifoniya 135 ake nema, a Fulorida kuwa 63. Karatun da sauƙi, tunda ana yin sa ta intanet da dare. Abin da mutane ba sa sakawa a lissafi shi ne sabon dillali ba ya cin gashin kansa, domin dole lasisinsa ya zauna ƙarƙashin babban dillali mai yankar kasonsa daga la'ada, ga kuɗin shiga rumbun MLS (wato kundin da dillalai ke jera gidajen sayarwa da farashinsu a ciki) da na sabunta lasisi, waɗanda za ka biya ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba. Idan gida ɗaya za ka saya cikin shekara biyu, ba na ganin riba a ciki.

Malam Akawu: Hajiya ta faɗi gaskiya. Kada kuma ka sa rai da sassaucin haraji saboda lasisi kawai. Hukumar haraji ta Amurka, wato IRS, ba ta ɗaukar mutum a matsayin ƙwararren mai harkar gidaje sai ya wuce sa'o'i 750 a shekara, kuma harkar ta cinye fiye da rabin lokacin aikinsa, abin da da wuya ma'aikacin cikakken lokaci ya cika.

Alhaji Mai Haya: Ni dai ina ganin amfaninsa, ɗana, musamman ganin ainihin farashin da aka sayar da gidajen unguwa kafin ka taya. Sai dai duk gidan da za ka saya wa kanka, wajibi ne ka sanar da mai gidan a rubuce cewa kai dillali ne, wasu kuwa da jin haka sai su ƙi sassauta farashi. Idan kuma wasu za ka yi wa dillanci, mai saye ba ruwansa da cewa kana ofis ranar Talata da hantsi.

Hajiya Dillaliya: Shi ya sa wasu ke miƙa abokan ciniki ga wani dillalin, su karɓi kason haɗawa. Kafin ka biya kuɗin makaranta, ka tambayi manyan dillalai biyu ko uku nawa suke yanka idan cinikin naka ne na kanka, kuma ko suna karɓar wanda ba ya samuwa sai ƙarshen mako.