Kwana uku a Budafest da Yuro 200: zai yiwu ko ba zai yiwu ba?

Ɗalibin Balin: Assalamu alaikum. Maganar da na yi jiya da dare aka yi ta ja da ni, yau na dawo da lissafi. Mutum ɗaya zai tashi daga Balin ta Jamus ya yi kwana uku a Budafest, babban birnin Hangari, ya koma gida bai kashe sama da Yuro 200 ba, har da jirgi. Na ware 60 na tikiti zuwa da dawowa, 60 na makwanci, 50 na ciki, 30 na zirga-zirga. Sharaɗi kawai a sayi tikiti tun da saura makonni, a tashi tsakiyar mako, a kuma guji watan Agusta. Duk mai ganin ba zai yiwu ba, ya nuna mini inda lissafin ya karye.

Malam na Biyanna (babban birnin Ostiriya): Wa alaikumus salam. Ɗana, tun layin farko ya karye. Kuɗin da kake gani a shafin kamfanin jirgi, na kujera ne da 'yar jaka ɗaya da za ta shige ƙarƙashin kujerar gabanka. Akwatin da ake ɗorawa sama da kuɗinsa, zaɓar kujera da kuɗinsa. In ka manta ba ka karɓi takardar shiga jirgi ta waya ba sai da ka isa filin, tarar da za a ci ka tana iya fin tikitin. Ni ganau ne. Wata shekara wani kamfani ya auna jakata a bakin ƙofar jirgi, taya kaɗai ta hana ta shiga ma'auni, na biya abin da ya zarce kuɗin tafiyar. Sannan ina suke sauke mutum? Mai tikitin Faris na araha a Beauvais yake tsintar kansa, kilomita wajen 85 daga birni. Na Frankfurt kuwa Hahn ne, fiye da kilomita 100. Araha ba ta ado.

Ɗalibar Budafest: Malam, Allah ya ƙara girma. Zancen jaka haka yake, amma na nisan fili bai shafe mu a nan ba. Babban jirgi da ƙarami duk fili ɗaya suke sauka, na Ferenc Liszt, kamar kilomita 16 daga tsakiyar gari. Bas mai lamba 100E yana kai mutum har dandalin Deák Ferenc, sai dai tikitinsa daban ne, kuma ya fi na gama-gari tsada. Mai son rage kuɗi ya hau 200E zuwa Kőbánya-Kispest, ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na M3. Idan Yaya ya sayi katin awa 72, ya wadatar da wannan hanyar da duk yawon da zai yi a gari.

Ni inda na ƙi lissafin shi ne makwanci. Yuro 20 a dare gado ne a ɗakin haɗaka, kuma mafi yawan masu arahar suna unguwa ta bakwai, inda mashayu suke a jere. Sau da yawa maza da mata ɗaki ɗaya, masu shigowa ƙarfe uku na dare a buge. A ina za ka shimfiɗa darduma ka yi asuba? Ni dai ba zan kai baƙona can ba.

Ɗalibin Balin: Ƙanwata, ai barci kawai zan je yi. Kuma akwai masaukan da ke ware ɗakin maza daban. Malam, jakar baya ɗaya ta ishe ni kwana uku: riga uku, wando biyu, sauran in sa a jikina.

Malam na Biyanna: A wane wata? Domin watannin da tikiti ke faɗuwa su ne na hunturu. A Disamba rana tana faɗuwa a Budafest kafin ƙarfe huɗu na yamma. Wanda sanyi ya kora daga titi, shagon shayi zai shiga ya zauna, kuma zama a can da kuɗi ne. Ka kuma duba lokacin tashin jirgin. Mafi arahar shi ne na shida na safe ko na tsakar dare. Kwana ukun da kake faɗi, in aka cire ranar zuwa da ta dawowa, yini biyu ne kacal.

Hajiyar Landan: Ina ta karanta ku, raina yana ɗan ɓaci, don duk kuna magana kamar kowa a nan katin zama na Jamus ko Ostiriya yake riƙe da shi. Ƙanena, kai kana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake ratsawa ba tare da binciken kan iyaka ba, Hangari ma tana ciki tun 2007, fasfo da katin zamanka kawai za ka ɗauka ka wuce. Mu da ke Ingila da fasfon Najeriya sai da biza. Tun watan Yunin 2024 kuɗinta ya koma Yuro 90 ga babba, 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 12. Ni da maigida da babbar 'yata 270 ke nan, autana 45, jimla 315, ko ƙafa ba mu ɗaga ba. Ga kuɗin cibiyar karɓar takardu, ga inshorar lafiya da dole ta iya biyan kuɗin jinya har Yuro 30,000, ga shaidar masauki da ta banki, ga jiran samun ranar ganawa. Amsa kan ɗauki kwana 15, tana iya kaiwa 45, in kuma aka hana ka ba a mayar maka da ko sisi. To yaya zan kama tikitin araha alhali ban san ranar da fasfona zai dawo ba? Idan za ka ce 200 ta isa, ka faɗi wa ta isa. Akwai yara a nan da ke jin maganarka su ɗauka ta kowa ce, har da waɗanda ke gida.

Ɗalibin Balin: Gaskiyarku ce Hajiya, ku yi haƙuri. Da mazauna Shengen nake, kuma ya kamata in faɗa tun farko.

Malam na Biyanna: Su ma ɗin a yi hattara. Wanda katinsa ya ƙare yake riƙe da takardar wucin gadi, ya tabbatar irin wadda ake fita a dawo da ita ce, don ba duka ba ne.

Ɗalibar Budafest: Bari in tare wa Yaya faɗa a wuri ɗaya, don a nan yana da gaskiya fiye da yadda Malam ke zato. Abin da ya fi kyau a garin nan ba a biyan kuɗin ganinsa. Ka hau tiram, wato jirgin ƙasa na kan titi, mai lamba 2 da yamma, zai bi da kai gefen kogin Danub ta gaban ginin majalisa, kana hango fadar Buda, ɓangaren birnin da ke ƙetaren kogin, da tikitin da ke aljihunka. Ka taka gadar sarƙa ta 1849 da ƙafa. Ka hau dutsen Gellért ka ga garin duka a ƙarƙashinka. Layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na M1 da za ka shiga zuwa dandalin jarumai tun 1896 yake aiki.

Akwai kuma abin da yawancin 'yan'uwanmu ke zuwa su tafi ba su sani ba. Turkawan daular Usmaniyya sun riƙe Buda daga 1541 zuwa 1686, kuma sawunsu yana nan. A kan tudun Rózsadomb akwai hubbaren Gül Baba, wani darwishi da ya rasu a shekarar da aka ci garin, da lambun furanni kewaye da shi. Hawan yana da wuya, titin duwatsu ne mai tsayi, amma ranar da na fara zuwa na daɗe a zaune ban iya tashi ba. A cikin tsohuwar majami'ar da ke bakin gadar Erzsébet har yau akwai mihrabi a jikin bango, tun lokacin da aka mayar da ita masallaci. Gidan wankan Rudas ma ginin Turkawa ne na ƙarni na 16, yana da ranakun maza, Talata kuma ta mata, sai dai shi da kuɗi ne, kuma babu shi a lissafin Yaya.

Abinci ne zan sake ja da shi. Girkin Hangari naman alade da kitsensa sun yi masa yawa, ko miyar gulash da ake yi da naman sa sai ka tambayi da wane mai aka soya albasar. Mafita ita ce shagunan Turkawa da na Larabawa da ke kan babban titin da tiram 4 da 6 ke bi, da lángos, wata soyayyar fulawa mai kama da fanke mai faɗi, da burodi da cuku daga kanti. A haka 50 za ta kai, amma babu zama a gidan abinci ko sau ɗaya.

Malam na Biyanna: 'Yata, kin ba ni sha'awar hubbaren nan, shekaru ina wucewa ban taɓa hawa ba. Amma ku ƙara wannan: kuɗinsu forint ne, ba Yuro ba. Injin cirar kuɗi ko na biya a shago zai tambaye ka ko a cire maka da Yuro. Ka ce a'a, da forint, in ba haka ba su za su yanka maka farashin canji. Tikitin takarda kuma a buga shi a inji kafin a shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, a bas da tiram kuwa da zarar an hau, masu duba tikiti ba sa jin uzurin baƙunta. Tara ɗaya ta rushe lissafin nan gaba ɗaya, shi ya sa na ce tafiyar da ba a bar mata rarar kuɗi ba, ba a shirya ta ba. Ni daga nan jirgin ƙasa nake shiga, ƙasa da awa uku ina tashar Keleti ta Budafest, ba mai auna mini jaka.

Ɗalibin Balin: Daga Balin jirgin ƙasa ya haura awa goma, Malam, dole dai jirgin sama. Na karɓi gyara biyu: zan nemi ƙaramin ɗaki nawa ni kaɗai a wajen unguwa ta bakwai, zan kuma riƙe 50 a gefe don ko-ta-kwana. Amma ina nan a kan cewa 200 ɗin ba za ta ƙare ba in ban taɓa rarar ba.

Malam na Biyanna: Ɗaki naka kai kaɗai a kan 20 a dare? Ban yarda ba. Ka ajiye duk rasit ɗinka, in ka dawo ka turo mana hotonsu.

Ɗalibar Budafest: Yaya, ka zo a Maris ko farkon Oktoba, rana tana da ɗan tsawo kuma gari bai cika ba. Turo mini unguwar kafin ka biya, in duba maka.

Hajiyar Landan: 'Yata, ni ma ki duba mini masauki mai ɗakin girki kusa da layin tiram, na mutum huɗu, wanda ake iya sokewa ba tare da asara ba. Sai na riƙe shaidarsa zan nemi ranar ganawa.