Wai da gaske akwai ƙwayar cutar da ke cinye ƙwayar cuta a jikin nama?

Mai Kaji, Farin Gada:
Salamu alaikum. Ina fige kaji ina kai wa masu gidajen abinci a nan Jos. Katakon da nake sara a kai, duk wankin da na yi masa da omo, da safe in na shafa sai in ji yauƙi a cikin tsagogin wuƙa. Ƙanena ɗan jami'a ya ce bakteriya ne suka yi gida a ciki, wai kuma akwai wani abu bakteriyofej da ake fesawa ya kashe su. Ni dai abin ya yi min kama da tatsuniya.

Malamin Lab:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ƙanenka bai yi ƙarya ba. Yauƙin nan su suke fitar da shi su lulluɓe kansu, shi ya sa ruwan omo ke wucewa ta sama kawai. Shi bakteriyofej, ko fej a taƙaice, bairos ne da bakteriya kaɗai yake kamawa: ya manne mata, ya zuba ƙwayar halittarsa ciki, ya hayayyafa har ta fashe, 'ya'yan su bi na kusa. Wasunsu ma suna da sinadarin da ke narka yauƙin. Tun 1915 da 1917 aka gano su, kuma a 2006 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince a fesa wani haɗin fej mai suna ListShield a kan naman da ake ci ba sai an sake dafawa ba, saboda wata bakteriya mai suna Listeriya, wadda ko a firiji tana hayayyafa. Ita ce ta kashe sama da mutum 200 a Afirka ta Kudu tsakanin 2017 da 2018.

Amma fa yana da tsirfa. Wanda ke cin Listeriya ko kallon Salmonela ba ya yi, ita kuwa Salmonela tana cikin bakteriyar da suka fi addabar kaji. Kuma bakteriyar kan gane kansa har ya daina kashe ta, dole a haɗa fej iri-iri.

Hajiya mai yogot:
Hmm, Malam, mu a wajenmu ai maƙiyi ne! In ya shiga madara ya cinye irin, wato bakteriyar da ke mai da ita yogot, sai ka kwana kana jira ta ƙi kamawa.

Malamin Lab:
Haka ne Hajiya, amma wannan dangi daban ne. Alhaji, kai dai yanzu ka kankare katakon, ka zuba masa tafasasshen ruwa, ka jingine shi a rana ya bushe ƙarau. In tsagogin sun yi zurfi, ka sake wani.

Mai Kaji, Farin Gada:
Na gode Malam. Rana kuma a daminar Jos? To, gobe zan leƙa kasuwar Katako.