Shawarwari ga masu niyyar hutu a Zanzibar

Kanawan da suka taɓa zuwa hutu tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya sun yi ittifaƙi cewa a nemi biza da wuri, domin mai fasfon Najeriya sai an tantance shi kafin ya tashi, sannan a riƙe katin rigakafin cutar shawara. Sun fifita tafiya tsakanin Yuni da Oktoba, saboda daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi.

Wajen masauki ne ra'ayi ya rabu. Wasu sun zaɓi ƙauyen Paje da ke gaɓar gabashin tsibirin, duk da cewa ruwan tekun yakan ja baya nesa, ya bar farin yashi na sa'o'i, amma a ganina mai iyali ya fi dacewa da ƙauyen Nungwi da ke gaɓar arewa, inda ruwan ba ya janyewa sosai. Masallaci da abincin halal kuwa ba sa wuya, tunda yawancin mazauna tsibirin Musulmi ne.